Ranar da Ɗayyabu Ya Ɗaga Hannu

Ɗayyabu direba ne a Doha, amma duk wanda ya san shi tun gida Ɗayyabu Mai Gawayi yake ce masa, kuma bai taɓa nuna sunan ya dame shi ba. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ningi, gajere, kakkaura, tafin hannunsa kamar bayan tsohuwar ƙwarya. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana ƙona gawayi a dajin garinsu kafin Allah ya buɗe masa hanyar fita. Ni sunana Tanko, gadi nake yi a wani babban kanti, kuma ta ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna Katar na san shi. Ni ne sakataren ƙungiyar, ba don komai ba sai don na taɓa koyarwa a firamare, ana ganin alƙalamina yana tafiya.

Wanda ya kawo Ɗayyabu ƙasar nan shi ne Injiniya Zulkiflu, ma'aikacin wani kamfanin iskar gas, wanda mahaifiyarsa ta fito daga yankinsu. Shi ne kafil ɗinsa, wato da sunansa aka yi masa takardar zama. In Injiniya ya janye hannu, kuma ba a sami wani ubangida da wuri ba, sai filin jirgi. Shekara shida Ɗayyabu yana zaune a ɗan ɗakin da ke jikin ƙofar gidan Injiniya a Al Thumama. Ya kai yara makaranta, ya kai Hajiya kasuwa, ya ɗauko Yallaɓai, ya wanke motoci uku. Da wannan aikin yake riƙe da matarsa Atine da 'ya'ya huɗu a gida. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, kuma a gaskiya Injiniya ba mugun mutum ba ne. Yana dai son a ce masa "haka ne", kuma ya daɗe yana samun masu faɗa.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ake sakin Ɗayyabu zuwa magariba. Sai ya hau jirgin ƙasa ya sauka a Mansura, ya hawo benenmu, inda mu takwas muke cushe a ɗaki biyu. Ba mai yawan magana ba ne. Zai zauna a lungu yana yanka albasa, mu muna ta zuba, daga ƙwallo mu koma siyasa, daga siyasa mu koma wanda ya ƙi wanke tukunya. Abu ɗaya ne ke buɗe masa baki, shi ne a kawo zancen wuta. In aka sayo gawayi don gashi, sai ya ɗauki guda biyu ya gwara su kusa da kunnensa. In sun yi ƙara siririya kamar ƙarfe ya ce, "Kirya ce, wannan za ta kai mu." In sun yi buf, ya jefar ya ce an cuce mu, itacen banza ne. Mukan yi masa tsiya mu ce shi kaɗai ne mutumin da ke gaisawa da gawayi kafin ya ƙona shi. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa.

Na taɓa tambayarsa yadda ake yi. Ya ce a sare bishiya tun tana ɗanya, a daddatsa, a jera gumagumai a tsaye, a rufe da ciyawa, a bi da ƙasa, a bar 'yar kafa a sa wuta. Daga nan sai tsaro, kwana biyar ko shida. Hayaƙi ne ke ba da labari: fari mai kauri, da sauran aiki, in ya koma shuɗi siriri, ya nuna. Na ce, "To me ya sa ka bari?" Ya ce, "Daji ne ya ƙare, Malam Tanko." Bai ƙara ba, ni ma ban tona ba.

Rigimar da ta ja wannan labari ta tashi ne a zauren wayarmu, inda mu kusan ɗari biyu muke haɗuwa ba tare da mun ga juna ba. Wani ya turo raɗe-raɗin cewa a gida ana tunanin sa harajin hayaƙi, wato duk mai ƙona fetur ko gas ko kwal ya biya wani abu a kan hayaƙin da ya saki sama, saboda an ce shi ke dagula damina yana ƙara zafi. Mutanen da har yanzu ba su warke daga tsadar mai ba aka kawo wa wannan zance. Kafin la'asar zauren ya kama da wuta. Wani direba ya ce saura harajin numfashi. Wani ya ce to a yi hattara, wanda ya ci wake ma zai ga takarda. Aka zagi gwamnati, aka zagi Turawa, aka zagi wanda ya turo labarin.

Da ƙurar ƙananan mutane ta lafa sai manya suka shigo. Injiniya Zulkiflu ya ja ɓangaren masu ƙi. Saƙon muryarsa ɗaya sai ya kai minti goma sha ɗaya, yana cewa Turawa sun gama ƙona kwal ɗinsu sun gina ƙasashensu, yanzu da muka miƙa hannu sai a ce wuta haramun ce. Ɗaya ɓangaren kuwa Dakta Haulatu ce, malamar jami'a, mace mai kaifin baki wadda ba ta iya barin magana ta kwana. Ita kuma ta dinga turo dogayen rubuce-rubuce da Turanci waɗanda, in faɗi gaskiya, ko ni sakatare ban kai ƙarshen guda ba. Mako uku ana abu ɗaya. Mutum biyu suka fice daga zauren, wasu suka daina gaisawa a masallaci, a kan harajin da ba wanda ya ma tabbatar za a sa.

Shugabanmu, Alhaji Mudasiru, dattijo ne da ya shekara talatin yana tafinta a Doha. Shi ya tsawatar. Ya ce a kawo maganar wajen walimar shekara da muke yi a bakin teku a Wakra lokacin sanyi. Injiniya ya yi magana, Dakta ta yi, a ɗaga hannu a ƙirga, khalas, shi ke nan, kada wanda ya sake tayar da ita. Ya kuma ja kunne cewa zancen Nijeriya za a yi kawai, mu baƙi ne a nan, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Sai dai akwai abin da kowa ya sani game da ɗaga hannu a ƙungiyarmu, ko da yake ba a rubuta shi a ko'ina ba. Kowane babba yana da yaransa, waɗanda ya kawo ko ya sama wa aiki, ko da kuwa yaron ya yi furfura. In ubangida ya ɗaga hannu, nasu ya tashi tare da nasa. Ba a umartar kowa, ba a kuma tambayar kowa. Don haka tun kafin a taru zan iya rubuta sakamako in rufe littafi. Ni kaina a lokacin takarduna suna hannun Injiniya, ya yi mini alkawarin zai miƙa su inda za a ba ni aikin ofis in huta da tsayuwar awa goma sha biyu. Hannuna ya san inda za shi tun daga Mansura.

Ranar ta zo da iska mai daɗi. Aka shimfiɗa tabarmi a kan rairayi, maza a nan, mata can gefe da yara. An yanka raguna biyu, kuma kamar kowace shekara Ɗayyabu ne a kan wuta. Na lura da shi lokacin da ya farke buhun gawayin da aka sayo a wani kanti. Ya gwara guda biyu a kunne, sai ya tsaya. Ya sake ɗaukar wasu ya gwara. Sannan ya juya buhun yana duba rubutun jiki, ya kira ni in karanta masa. Na ce an rubuta daga Nijeriya aka kawo. Ya gyaɗa kai ya zuba a murhu.

Dakta Haulatu ce ta fara. Ta yi magana mai kyau, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta kawo ambaliya, ta kawo ƙafewar tafki, ta kawo rikicin makiyaya da manoma. Ta ce abin da mutane ba sa biya a kansa ba sa tattalinsa. Amma da zance ya yi mata daɗi sai ta zame. Ta ce dole a sa wa masu saran itace haraji mai tsanani, domin talakanmu jahilci ne ya yi masa katutu, bai san abin da yake yi wa kansa ba. Tana faɗin haka da tsinken nama a hannunta. Direbobi suka fara guna-guni.

Injiniya ya ga ƙofa ta buɗe, ya miƙe yana gyara babbar riga. Ya yi rabin awa yana dukan Turawa, ana ta yi masa kabbara. Da ya ga ya riƙe taron sai ya so ya rufe da shaida mai rai. Ya juya wajen murhu ya nuna da hannu.

"Ga Ɗayyabu nan, yarona ne, kowa ya san shi. Da gawayi ya ci ya sha ya yi aure. Irinsu Dakta take so a shaƙe. Ɗayyabu, zo nan. Yalla, maza faɗa musu da bakinka abin da wannan haraji zai yi wa talaka."

Nan Injiniya ya yi kuskuren da sai irinsa ke yi. Ya ɗauka wanda ya shekara shida yana ce masa "to, Yallaɓai" ba shi da wata magana a ciki sai ita. Da ya bar shi a kan wutarsa, da ya ɗaga hannu tare da kowa an watse lafiya.

Ɗayyabu ya ajiye mafici, ya goge hannu a jikin wando, ya tako a hankali. Ya ce, "Yallaɓai, da an bar ni da nama."

"A'a, faɗi. Kada ka ji tsoron Dakta."

Aka yi dariya. Ya tsaya a tsakiyar tabarmi, ya dubi Alhaji Mudasiru ya ce, "Baba Alhaji, an ba ni izini?" Dattijo ya ce bismilla.

Sai ya fara da Dakta. "Ranki ya daɗe, kin ce jahilci ne. Ba jahilci ba ne. Babu bishiyar da na sara ban san sunanta ba, ban san me take yi wa ƙasa ba. Na san kirya ta fi ni shekaru, na san in ta faɗi jikana ma ba zai ga irinta ba. Da sanina na sare. Yunwa ce, kuma daji ba shi da mai shi, ba wanda zai ce mini tsaya. Kada ki ƙara ce mana jahilai a kan abin da muka fi ki sani."

Direbobi suka ɓarke da tafi. Injiniya ya washe baki yana kallon jama'a, shi ga mai shaida. Ɗayyabu ya jira tafin ya mutu.

"Akwai wani tudu a bayan garinmu, maƙabartarmu tana gindinsa. Kirya da marke ne suka rufe shi, ko rana ba ta sauka. Ni da abokan sana'ata muka cinye shi a rani huɗu. Damina ta biyar ruwa ya gangaro ba abin da zai tare shi. Ya haƙa kwari ya bi ta gonar babana, ya shiga maƙabarta. Da hannun nan nawa na tsinci ƙasusuwan mutane a cikin yashi muna zubawa a buhu. Mahaifiyata tana cikinsu. Har yau ban san wanne ne nata ba, rami ɗaya muka yi musu."

Ni da nake tare da shi kowace Juma'a ban taɓa jin wannan ba.

Ya nuna murhu. "Naman da kuke ci, da kiryar gida na gasa shi. Na ji muryarta, Malam Tanko ya karanta mini buhu. An sare ta can, an hau da ita jirgin ruwa, an kawo mana nan muna ci muna musu. Wani ƙauyen yanzu haka yana jiran nasa ruwan. To ni dai, da a ce duk bishiyar da zan sara sai an tsayar da ni an ce biya, wallahi da na bar wasu. Don haka in ana ƙirga hannu, a sa harajin."

Injiniya ya ce, "Ɗayyabu, ba ka fahimci tambayar ba."

"Na fahimta, Yallaɓai. Kuma ban yarda da gwamnati ba, na san in sun karɓa ba lallai garinmu ya gani ba. Amma in za a sa, kada a bar jaki a doki taiki. Kada a fara da tsohuwar da ke hura murhu ɗaya. A fara da mai babban hayaƙi. Ni nake tayar da motarka rabin awa kafin ka fito don kujera ta yi sanyi, kullum, sau uku a rana. Esi bakwai ke sanyaya gidanka, har ɗakin da ba kowa. Hayaƙin da gidanka ke yi a wata, ni da gatarina sai in shekara ban yi ba. Kai ba talaka kake karewa ba, Yallaɓai. Ka dai ɗauko ni ne ka yi garkuwa da ni."

Wani ya ce innalillahi. Wani can baya ya kasa riƙe dariya, kuma ina jin wannan dariyar ta fi maganar yi wa Injiniya ciwo. Domin a wurinmu mutum zai iya yafe maka musu, amma bara ya fito da zancen cikin gidan ubangidansa a gaban maza da mata, wannan tonon silili ne. Fuskar Injiniya ta canza. Ya koma ya zauna.

Alhaji Mudasiru ya yi sauri ya ce a ƙirga a tashi. Masu ƙin haraji su ɗaga. Hannuwa suka tashi kamar dawa a gona, na ƙirga sittin da uku. Nawa yana ciki. Zan faɗa ƙarara tunda ni nake ba da labarin: zuciyata tana tare da Ɗayyabu, hannuna yana tare da takarduna. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni kuwa ko ladan ban kai ga ci ba na fara askin. Aka ce masu so su ɗaga. Dakta Haulatu da abokan aikinta su tara, sai wani gajeren hannu baƙi ƙirin da toka daga wajen murhu, ya miƙe sosai, ba irin ɗagawar nan ta rabi da rabi ba. Ya bar shi a sama har sai da na ce goma da ƙarfi kowa ya ji. Sannan ya koma ya juya nama don kada ya ƙone.

Shi ya tuƙa Injiniya da iyalinsa gida a ranar. Ya ce mini daga Wakra har Al Thumama ba wanda ya yi tari. Washegari Injiniya ya karɓi makullin babbar motar ya dinga tuƙa kansa, aka bar wa Ɗayyabu ƙaramar ta kai yara makaranta. Kwana huɗu ba gaisuwa. A na biyar saƙo ya iso ta bakin Alhaji Mudasiru. Injiniya ya ce shi ba ya son ya raba mutum da abincinsa. Abu ɗaya yake so: Ɗayyabu ya yi saƙon murya a zauren da kowa zai ji, ya ce ruɗin Shaiɗan ne, bai fahimci zancen ba, ya janye maganarsa da hannunsa. In ya yi, an wuce wurin. In bai yi ba zuwa ƙarshen mako, za a soke takardarsa.

Ni aka tura in lallashe shi, tunda ana ganin yana jin maganata. Na same shi da hantsi a ƙofar gida yana wanke mota. Na ce masa, "Ɗayyabu, wane irin taurin kai ne wannan? Ƙuri'ar bakin teku ce fa. Ba majalisa ba ce, ba wanda zai kai ta Abuja. An ma kayar da ku. Minti ɗaya ka yi magana a waya ka tsira da aikinka."

Ya ce, "In ba komai ba ce, me ya sa yake so in janye?"

Sai na kama inda na san zai yi masa zafi. Na ce ya tuna Atine, ya tuna babbar 'yarsa Muhsina da ke aji biyar na sakandare tana son karatun jinya. Ya tsaya da soso a hannu, ruwa yana ɗiga a ƙafarsa. Na ga maganar ta shige shi, har na fara jin kunyar kaina.

Ya ce, "Na kira Atine na gaya mata. Ta yi kuka, ta ce in ba da haƙuri. Kuma zan bayar, don na yi laifi. Ban kyauta ba da na faɗi zancen gidansa, na ci abincinsa shekara shida. Amma in ce ban fahimta ba? In ce Shaiɗan ne ya sa na faɗi yadda na tsinci uwata? Malam Tanko, shekara tara ina ɗauke da maganar nan ban gaya wa kowa ba. Ranar da na sauke ta sai a ce in koma in ɗauka?"

Na bar shi na tafi ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina fiye da nasa. A hanya na kira Dakta Haulatu. Tun ranar walima take yabonsa a zaure, tana cewa shi ne muryar talaka, har ta ce za ta ba ɗalibanta labarinsa. Na ce mata muryar talaka tana shirin rasa wurin kwana, ko za ta karɓi takardarsa, ko ta san mai neman direba? Ta ce Allah sarki, abin bai yi daɗi ba, amma ita da kanta take tuƙi, kuma mijinta da Injiniya abokai ne, ba ta son shiga tsakani. Za ta dai sa shi a addu'a. Na kashe wayar kafin bakina ya ja mini.

Ranar Alhamis bayan la'asar muka je ban haƙuri yadda aka saba: dattijo a gaba, mai laifi a baya, shaida a gefe. Alhaji Mudasiru ya sa farar rigarsa, ni na nemi canjin aiki na biyo su. Ɗayyabu ya yi wanka ya sa kaftaninsa na Juma'a. Kafin mu shiga falo ya ce mu ba shi minti ɗaya, ya leƙa ta ƙofar kicin ya dawo. Ban kawo komai a raina ba.

Injiniya yana zaune a kan doguwar kujera. Aka gaisa. Alhaji ya yi doguwar shimfiɗa a kan haƙuri da zumunci da zaman baƙunta, ya ce ɗan Adam ajizi ne, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Sannan ya ce, "Ɗayyabu, ga ubangidanka."

Ɗayyabu ya sauka daga kan kafet ya durƙusa a kan tayil, gwiwa biyu. Ya ce, "Yallaɓai, ka ɗauko ni daga inda ba ni da komai. Ka riƙe ni da mutunci, ba ka taɓa zagina ba. Ni kuma na fitar da zancen gidanka a bainar jama'a, aka yi maka dariya ta dalilina. Wannan laifina ne, ba na kowa ba. Don Allah ka yafe mini. In ka ce in faɗi haka a zaure, yanzu zan faɗa, kowa ya ji."

Na ga Injiniya ya sassauto. Wallahi na gani, har kafaɗunsa suka sauka. Ya ce, "Ya wuce, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Alhaji ya fara shafa addu'a. Sai Injiniya ya ɗauko wayarsa ya miƙa. "Ga shi, yi a nan. Ka haɗa da cewa ba ka fahimci zancen harajin ba, ka janye."

Ɗayyabu bai karɓi wayar ba.

"Wannan kam a'a, Yallaɓai."

Alhaji ya ce, "Kai, Ɗayyabu!"

"Baba Alhaji, ka gafarce ni. Bakina ya yi laifi, na ba da haƙurinsa. Hannuna bai yi laifi ba. Kai ka kira ni, Yallaɓai, ka ce in faɗa da bakina. Da ka ce in faɗa da naka, da na san abin da zan ce."

Injiniya ya ajiye wayar a hankali. Muryarsa ba ta tashi ba, kuma a ganina shi ma ba haka ya so ba, amma ya riga ya faɗa a gaban mutane, girman kai ya rufe masa hanyar komawa. Ya ce, "Kana da 'ya'ya huɗu. Ka san abin da wannan yake nufi?"

Ɗayyabu ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwar kaftaninsa.

"Na sani, ranka ya daɗe. Makullin motar yana kan teburin kicin, na nuna wa Hajiya. Na wanke ta, na cika mata mai. Ranar Lahadi akwai ɗaukar yara ƙarfe shida da rabi, ƙaramar yarinyar ba ta son a bi ta babban titi, tana amai."

Ya yi mana sallama ya fita. Ta taga na hango jakarsa guda ɗaya jingine a bakin ƙofar gida, tun kafin mu shigo ya ɗaure ta.